Mun Ajiye Dikoda, Amma Wa Ke Juya Alƙalaminmu?

Makalar wannan makon za ta taɓa wasu, sai a yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai wata magana da ta zama waƙa a bakin matasan marubuta: wai tunda gidaje sun fara jingine dikoda sun koma kallo ta intanet, marubucin Hausa ya samu 'yanci. Babu sauran shugaban tasha da zai jefa labarinka a durowa, babu sauran dillalin kaset na Ƙofar Wambai da zai ce sai an cusa waƙoƙi kafin ya saya. Ni kuwa cewa nake ubangida kawai muka sauya, kuma sabon ya fi tsohon tsanani, domin shi ko karanta labarin ba ya yi.

Ban ga laifin maigidan da ya daina biyan kuɗin wata ba. DStv da GOtv sun ƙara kuɗi a 2023, suka ƙara a 2024, suka sake ƙarawa a 2025. Ka biya wata guda, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba kwanakinka suna tafiya, ga tashoshi rututu da babu mai leƙa su. Duk da cewa hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, mutum ya fi jin daɗin ya sayi data ya kalli abin da ya zaɓa a lokacin da ya ga dama, a waya ko a talabijin mai intanet. Wannan lissafin gida ne, kuma daidai ne. Namu lissafin ne ba mu yi ba.

Da aka bar dikodar, ina aka nufa? Netflix ya iso Najeriya tun 2016, amma finafinan Hausa da ke cikinsa ba su taka kara sun karya ba. Prime Video kuwa a farkon 2024 ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin shirye-shiryensa a Afirka. Akwai manhajojin gida irin su Northflix, sai dai taron jama'ar yana YouTube, inda data kaɗai ake biya. To tunda can ce kasuwar, wajibi ne marubuci ya san yadda take ci.

Kafin tasha ta fara samun cikakken kuɗin talla a YouTube, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Mai tashar yana karɓar kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar dogon bidiyo. Sai bidiyo ya kai minti 8 ake iya sa talla a tsakiyarsa. Kuma tallar da aka nuna wa mai kallo a Kano ko Zinder ba ta kawo kuɗin da wadda aka nuna wa na Amurka ko Ingila take kawowa. Ka haɗa waɗannan, me ya fito? Furodusa yana buƙatar awanni, awanni masu yawa, kowane mako, ba fashi. Kyawun labari bai shiga wannan lissafin ba sai gwargwadon yadda ya riƙe ido.

Daga nan cutar ta samo asali. Labarin da kashi 13 zai ishe shi, sai a ja shi kamar danƙo har ya haura 100. Gaisuwa ta ci minti uku. A nuna mota ta shigo gida, a buɗe ƙofa, a rufe. Abin da aka gani makon jiya a dawo da shi da sunan tunani. Wanda aka yi wa sadakar bakwai ya dawo da rai don an ga masu kallo suna son sa. Sirrin da kalma ɗaya za ta warware, a riƙe shi zango uku. Idan aka yi ƙorafi kuma, wa ake zagi? "Marubutan Hausa ba su iya ƙare labari ba." Alhali sau da yawa marubucin ya ƙare, ce masa aka yi ya ƙara. Marubuta littafi a WhatsApp sun san wannan ciwon, don ja ɗaya ne, sunan kasuwar ne ya bambanta.

Wani zai ce, ai YouTube ne ya fito da Izzar So, kuma Labarina ya ƙara bunƙasa a can. Gaskiya ne, ƙofa ta buɗe, yaro daga Bakori ko Maraɗi zai iya sa aikinsa duniya ta gani. Kuma ban ce zamanin tasha aljanna ba ne. Amma tasha irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, tana da rana, tana da sa'a, tana da iyakar mintuna, kuma akwai ɗan Adam da za ka zauna da shi ka kare labarinka. Na'urar da ke zaɓa wa mutane abin kallo ba a yi mata bayani. Buɗewar ƙofa dabam, sanin farashin shiga dabam.

Wani kuma zai ce abin da masu kallo ke so ke nan. A'a. Mai kallo yana dawowa ne don ya ga ƙarshe, ana yi masa wasa da hankali, har ranar da zai gaji. Da a gaban dikoda yake, ya riga ya biya kuɗin wata, zai daure. A waya kuwa, ɗan yatsa kawai zai motsa ya bar ka.

Saboda haka ɗan uwa, 'yar uwa, kafin ki miƙa labarinki, rubuta ƙarshensa tukuna ki san inda za ki tsaya. A rubuta yarjejeniya: kashi nawa ne, nawa ne kuɗin kowane kashi, me za a ƙara idan an buɗe sabon zango, ina sunanki zai fito. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ba ta ɗaukar mallakar aiki ta koma hannun wani sai da rubutu, don haka "ai mun yi magana a waya" ba ciniki ba ne. Ki nemi a nuna miki alƙaluman tashar, domin YouTube yana nuna wa mai tasha daidai mintin da masu kallo suke gudu. Da wannan za ki kafa hujja ranar da aka ce ki ja.

Maigida ya duba aljihunsa ya ajiye dikoda. Kai marubuci, duba naka kafin ka yi guɗa. Idan ba ka sa wa labarinka iyaka ba, talla ce za ta sa masa, kuma ita ba ta san kalmar tammat ba.

Mai ja, ga fili ga mai doki.