Baƙon Jirgin Ruwa Tsakanin Rangwamen Biza da 'Yancin Ƙafarsa

Daga cikin al'amuran da wannan zamani ya zo da su, waɗanda kakanninmu ba su taɓa riya su a zuci ba, akwai manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, waɗanda ɗayansu kan ɗauki fasinja dubu uku ko fiye, ya ciyar da su, ya shayar da su, ya kwantar da su, ya yi ta zagayawa da su daga wannan tasha zuwa waccan, ta yadda mutum zai yi sallar asuba a gaɓar wata ƙasa, ya yi ta isha'i jirgi ya riga ya nufi wata. Da yake kuwa galibi jirgin ba ya wuce yini guda ko biyu a kowace tasha, sai wata mas'ala ta taso wadda ta cancanci masu hankali su tsaya su yi mata nazari: idan baƙo ya sauko daga jirgi ya taka ƙasar mutane, shin ƙafarsa tasa ce ya nufi inda ya ga dama, ko kuwa wajibi ne ya bi bayan jagoran da aka ɗora masa har ya komo?

Babu inda wannan mas'ala ta fi bayyana kamar birnin St. Petersburg na ƙasar Rasha, wanda sarki Peter ya kafa a 1703 a bakin Tekun Baltik. Rasha ƙasa ce mai tsanani wajen bayar da biza, domin mai nema sai ya kawo takardar gayyata, ya cika takardu masu tambayoyi da yawa, ya biya kuɗi, sa'an nan ya zauna jira. Amma tun 2003 gwamnatinta ta yi wa fasinjojin irin waɗannan jirage rangwame, ta yarda su shiga gari har tsawon sa'a 72 ba tare da biza ba, bisa sharaɗin cewa a cikin jirgi za su riƙa kwana, kuma ba za su fita ba sai a hannun kamfanin yawon buɗe ido wanda hukuma ta yi wa rajista. Saboda haka, a lokacin da manyan jirage ke zuwa birnin, da sassafe sai ka ga fasinjoji sun yi sahu a gaban akwatunan jami'an shige da fice a tashar da aka buɗe a tsibirin Vasilyevsky a 2008, kowa riƙe da fasfonsa da 'yar takardar da ke shaida cewa kamfani kaza ne zai ɗauke shi yau; jami'i ya dubi fuska, ya dubi hoto, ya dubi takarda, ya buga hatimi; wanda kuwa ya zo da fasfo kaɗai, yana cewa shi iska kawai zai sha a bakin titi, sai a nuna masa hanyar komawa ɗakinsa.

Ba Rasha kaɗai ke da wannan tsari ba. Ƙasar Sin ta fara shi a Shanghai a 2016, sa'an nan a watan Mayu na 2024 ta faɗaɗa shi zuwa sauran tashoshinta na bakin teku, inda ta yarda ayarin mutum biyu ko fiye su shiga har kwana 15 babu biza, muddin kamfanin ƙasar ne ya karɓe su, kuma a jirgin da suka zo za su tafi. Al'adar ma daɗaɗɗa ce, don Ibn Battuta, wanda ya isa can a tsakiyar ƙarni na 14, ya ba da labarin cewa hukumomin Sin kan rubuta sunayen duk waɗanda ke cikin jirgi kafin ya tashi, idan ya komo a sake ƙidaya, in an rasa mutum guda a tuhumi mai jirgin sai ya kawo hujja.

Ni a nawa ganin, wanda ya kira wannan sharaɗi zalunci bai yi wa hukuma adalci ba. Kowace ƙasa tana da haƙƙin sanin wanda ya shigo mata, da kuma tabbatar da cewa ya fita. Biza kuwa hanya ce ta binciken mutum tun yana gidansu, to idan an ɗauke masa wannan bincike, lalle ne a sami wani wanda zai tsaya masa, wanda za a kama idan ya ɓace. Mu ma da muke da tarihin fatauci mun san haka, domin bafatake ba ya sauka a garin da ba a san shi ba sai a gidan fatoma, shi ne mai masaukinsa, shi ne mai lamuninsa a wurin sarki da 'yan kasuwa, kuma ba a taɓa jin bafataken da ya ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci ba. Kamfanin da ke riƙe da baƙo a St. Petersburg lamuni ne ya ɗauka, shi ya sa jagora ke ƙidaya kawuna duk sa'ad da aka koma mota. Wanda ya karɓi rangwame kuwa ya karɓi sharaɗinsa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wani lokaci ma larura kan sa a tsananta fiye da haka, kamar yadda ya faru a watan Agusta na 2020, sa'ad da jirgin MSC Grandiosa ya koma aiki a Italiya ana tsakiyar annobar korona, aka shardanta cewa babu mai fita sai cikin ayari, wasu iyali suka ware daga ayarinsu a Napoli, aka hana su komawa jirgi. Ban ga laifin wannan hukunci ba, tun da maslahar dubban mutane ta rinjayi sha'awar mutum uku ko huɗu.

Inda aibu yake shi ne wurin da ake cakuɗa dokar ƙasa da cinikin jirgi, har fasinja ya kasa rarrabe su. Dokar Rasha cewa ta yi a fita a hannun kamfani mai rajista, ba ta ce sai kamfanin da jirgi ya ƙulla yarjejeniya da shi ba. A lokacin da manyan jirage ke zuwa, akwai kamfanonin cikin gari da yawa masu rajista, waɗanda ke aika wa mutum takardar fita tun yana gida, su ɗauke shi cikin ƙaramar mota tare da mutum goma ko ƙasa da haka, ko ma shi da iyalinsa kaɗai, su tsara masa yini bisa ga bukatarsa, sau da yawa kuma a farashin da bai kai na jirgi ba. Amma da yake sayar da yawon gari yana daga cikin manyan hanyoyin ribar waɗannan jirage, sai aka riƙa rubuta sanarwar da lafazi mai harshen damo, wanda zahirinsa gaskiya ne, amma mai karatu zai fahimci cewa in bai sayi na jirgi ba to ba shi da mafita sai biza. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da hana cinikin garari, wato wanda ake ƙulla shi mai saye yana cikin duhu. Ban kuwa ga bambanci mai yawa ba tsakanin wanda ya ɓoye aibin haja da wanda ya bar mai saye yana zaton shi kaɗai ke da rumfa a kasuwa alhali ya san ba haka ba ne.

Sa'an nan ya kamata matafiyi ya san abin da ya biya, domin rangwamen da bai ci masa kuɗi ba ya ci masa wani abu daban. Dubi ayarin da aka kai gidan tarihi na Hermitage, wanda sarauniya Catherine ta aza harsashinsa a 1764: jagora tana gaba ta ɗaga wani ɗan allo mai lamba, mutum arba'in na biye da ita kowa da na'ura a kunne, ana tsayawa minti biyu gaban wannan zane, minti uku gaban wancan, wani ayarin na bayansu yana jiran su gusa, daga nan a hau mota zuwa fadar Peterhof a ga maɓuɓɓugan ruwa, a biya ta wani kanti da aka riga aka zaɓa a sayi tsaraba, a komo jirgi kafin magariba. An ga gine-gine, babu shakka, amma ba a yi magana da Barashe ko guda ba sai wanda aka biya don ya yi magana. Kusa da ganuwar Peter da Paul kuwa akwai babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1913, mai shuɗiyar ƙubba da aka kwaikwayo daga hubbaren Taimur na Samarƙand. Musulmin da jirginsa ya tsaya ranar Juma'a zai iya hango ta daga tagar mota, amma ba shi da ikon cewa a tsaya, domin tsarin tafiyar ba don shi aka yi ba. Haka nan wannan birni, sa'ad da ake kiransa Leningrad, shi ne mazaunin shehin malami Dmitri Olderogge, wanda ya yi nazarin harshenmu, kuma a ƙarƙashin kulawarsa aka fitar da ƙamus na Hausa da Rashanci a 1963. Bahaushe mai son ilimi zai so ya ga jami'ar da aka karantar da Hausa a cikinta, amma babu motar ayarin da za ta kai shi can. An ce tafiya mabuɗin ilimi, to ilimin nan galibinsa yana wurin mutane ne, a kasuwarsu da wurin ibadarsu da majalisarsu.

Masu goyon bayan ayari suna da hujjojinsu, kuma ba hujjojin banza ba ne. Suna cewa da yawa daga fasinjojin dattawa ne waɗanda ƙafa ta yi wa nauyi, ga gari mai faɗi, ga rubutun da baƙo ba ya iya karantawa, ga layin shiga gidajen tarihi wanda ayari ke tsallakewa, alhali lokaci kwana biyu ne kacal. Babbar hujjarsu kuma ita ce jirgi yana jiran motar da shi ya tura idan ta makara, amma ba ya jiran wanda ya fita don kansa. Wanda aka bari a tasha kuwa, a ƙasar da ba shi da bizarta, ya shiga wani hali da ba a fatan maƙiyi ya shiga. Duk wannan na yarda da shi. Sai dai abin da hujjar ta tabbatar shi ne ayari ya dace da wasu mutane. Ba ta tabbatar da cewa ya halatta a ɓoye wa sauran hanyoyin da doka ta buɗe musu ba. Baligi mai hankali, in an shimfiɗa masa hanyoyi uku, wato motar jirgi, da kamfanin gari, da cikakkiyar biza wadda za ta ba shi damar yawo shi kaɗai, aka gaya masa amfanin kowace da haɗarinta, shi ya fi kowa sanin wadda ta dace da ƙarfinsa da aljihunsa.

Ita kanta Rasha ta gane cewa ƙofar ta yi ƙunci, domin a watan Oktoba na 2019 ta fara bayar da biza ta intanet kyauta don shiga St. Petersburg, ta kwana 8, ga 'yan ƙasashe 53. Sai dai Amurka da Birtaniya ba sa ciki, Nijeriya da Nijar ma haka. Ba a jima ba annoba ta rufe iyakoki, sa'an nan yaƙin Yukiren ya ɓarke a watan Fabrairu na 2022, manyan kamfanonin Turai da Amurka suka cire birnin daga hanyarsu, suka koma Helsinki da Tallinn da Stockholm. Wannan ya nuna cewa rangwame abu ne da ke hannun mai bayarwa, yau a shimfiɗa gobe a naɗe, don haka labarin wanda ya je bara ba hujja ba ne ga mai tafiya bana.

Ga mai fasfo ɗin Nijeriya ko na Nijar kuwa lamarin ya fi haka nauyi, kuma nan ne nake son 'yan'uwa masu hali, waɗanda suka fara sha'awar irin wannan tafiya, su yi hattara. Galibin bayanan da kamfanonin ke bugawa an rubuta su ne da Ba'amurke da Bature a zuci, waɗanda ke sauka a tashoshin Turai su yi tafiyarsu babu mai tambayar su. Mu kuwa sai da bizar yankin Shengen na Turai, kuma idan jirgin zai fita daga yankin ya komo, to sai mai shiga fiye da sau ɗaya. Wanda takardunsa ba su cika ba ana iya hana shi hawa tun a tashar farko, ko da ya rantse cewa ba zai sauka ko'ina ba, kuɗinsa kuma galibi ba ya dawowa, domin sharuɗɗan tikiti sun ɗora alhakin biza a wuyan fasinja.

Saboda haka abin da nake kira gare shi a fili yake. Kamfanonin jirage su rubuta wa fasinja dokar kowace tasha yadda take, a rabe da tallar hajarsu, su kuma ambaci cewa hukuncin yana sauyawa gwargwadon fasfo. Hukumomin ƙasashe, tun da zamani ya ba su hanyar binciken mutum ta kwamfuta cikin 'yan kwanaki, su buɗe wa baƙon yini guda biza mai sauƙi ba tare da duban launin fasfonsa ba, su bar lamunin kamfani ga wanda ya zaɓe shi. Shi kuwa matafiyi, kafin ya biya ko sisi, ya nemi hukuncin kowace tasha daga ofishin jakadancin ƙasar da kansa, matambayi ba ya ɓata. In hutu da kallon gine-gine yake nufi, ya shiga ayari da kwanciyar rai, babu aibu a ciki. In kuwa sanin mutane da halayensu ne ya fitar da shi daga gida, to ya jure wahalar neman biza tun da wuri, domin wanda bai nemi izini da sunansa ba, dole ya yi yawo da izinin wani, a kan lokacin wani, zuwa inda wani ya zaɓa.