Littafin Hira Ba Na Jarrabawa Kaɗai Ba Ne

In aka tambayi masu karatun Hausa littafin da suka fi so su ɗauka lokacin hutu, da wuya su tsallake Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa cikin 1937. Dalilin kuwa a fili yake. Yadda aku ya tsare Musa ɗan sarki da labari kowane dare har ya hana shi fita, haka littafin ke tsare mai karatu. Wasu kuma nasu shi ne Ruwan Bagaja, saboda shegantakar Malam Zurƙe, ko Ganɗoki na Bello Kagara, ko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda duk gasar 1933 ta haifa.

Abin takaici, yara da yawa ba su haɗuwa da littattafan nan sai jarrabawa ta matso, su haddace, su manta. Waɗanda aka haifa a Legas ko Ibadan kuwa, Hausarsu kullum raguwa take yi.

Ya kamata magidanta su sayi ko guda ɗaya, su riƙa karanta wa iyali da dare. Yaron da ya yi dariyar Zurƙe yau, gobe da kansa zai nemi littafin.