Jirgin Tururin Wales: A Bar Wutarsa Ta Ci Gaba da Ci

A garin Tywyn da ke gaɓar teku a yammacin Wales akwai wani siririn layin dogo mai suna Talyllyn, tsawonsa mil bakwai da kwata, tazarar da ke tsakanin ƙarafansa kuwa ƙafa biyu ce da inci uku kacal. An shimfiɗa shi a 1865 domin sauko da falalen dutsen rufin gida daga mahaƙar Bryn Eglwys. Mahaƙar ta rufe a 1946, mai layin, Sir Henry Haydn Jones, ya rasu a 1950, kowa ya ɗauka saura 'yan gwangwan su zo su kwashe ƙarafan. Sai wani injiniya marubuci, Tom Rolt, ya tara masu sha'awar jirgi a Birmingham, suka kafa ƙungiya, suka karɓi layin, suka tayar da jirginsu na farko ranar 14 ga Mayun 1951. Shi ne layin dogo na farko a duniya da masu aikin sa-kai suka ceto suka riƙe da hannunsu. Kawunan jirginsa biyu na asali, ɗaya ƙirar 1864, ɗaya ta 1866, har yau suna jan masu zuwa hutu bakin teku. Yanzu da Birtaniya ta juya wa kwal baya, ana ta tambayar ko lokaci bai yi ba da za a kashe wutar irin waɗannan jirage a kai su gidan tarihi. Ra'ayina shi ne a bar su su ci gaba da aiki da wuta da tururi, domin abin da ake adanawa a Tywyn yana hannun mutane ne fiye da yadda yake jikin ƙarfe.

Wanda bai san yadda ake tayar da irin wannan inji ba zai ɗauka makunni ake murɗawa. Sa'o'i kafin fasinja na farko ya iso, wani ya riga ya shiga rumfar injina ya kwashe tokar jiya, ya duba ruwan tukunya, ya haɗa wuta da itace da tsumman mai, sannan ya riƙa ƙara kwal kaɗan-kaɗan. Ba a gaggawa, domin idan ƙarfen tukunya ya ɗauki zafi farat ɗaya, wani sashe zai buɗe kafin wani, bututu su fara yoyo. A kan hanya, idon mai hura wuta yana kan abu uku a lokaci guda: launin wutar, allurar ma'aunin tururi, da ɗan gilashin da ke nuna inda ruwa ya tsaya. Ruwa ya yi ƙasa, saman murhu ya ƙone. Ya yi yawa, ya bi tururi ya shiga silinda ya yi ɓarna. Dole ya san inda hawa yake a gaba, ya gina wutarsa tun kafin a kai, ya watsa kwal da shebur yadda ba zai bar rami ba, ba kuma zai tula shi ya shaƙe iska ba. Mutum yakan fara da goge inji, ya shekara da shekaru kafin a amince masa da shebur, ya ƙara wasu kafin a ba shi tuƙi. A bayansa akwai masu gyaran tukunya, wadda ake kwancewa a yi mata babban bincike duk shekara goma, da maƙera, da kafintocin tarago, ga iskar teku mai gishiri da ba ta barin ƙarfe ya huta da tsatsa. Duk wannan ba ya shiga littafi yadda ya kamata. Sai an tsaya kusa da wanda ya iya, an ƙone yatsa, an sha faɗa.

Mu nan mun san irin wannan a hawan Sallah. An daina zuwa yaƙi a kan doki, amma saboda sarki da hakimai suna hawa, dukawa da masu ɗinkin kayan doki da maƙeran linzami suna da dalilin koya wa 'ya'yansu sana'a. Ranar da aka ce a rataye sirdi a gidan tarihi a daina hawa, sirdin zai daɗe, mai yin sa ne zai ɓace.

Matsalar kwal ɗin kuwa gaskiya ce. Kwal ɗin kudancin Wales ya yi suna a duniya saboda zafinsa da ƙarancin hayaƙinsa, kuma mahaƙa ta ƙarshe da ke ba waɗannan jirage shi, Ffos-y-fran kusa da Merthyr Tydfil, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Kafin nan an riga an daina sayen na Rasha bayan ta afka wa Yukren a 2022. Abin da ya rage shi ne a ɗauko daga Kazakistan ko Kwalambiya, a haye teku da shi dubban mil a jirgin ruwa mai ƙona mai, a saye shi da tsada, wani lokaci kuma a samu mai hayaƙi, ko mai narkewa ya dunƙule ya toshe ƙarafan murhu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Duk da haka ban ga hujjar a ce a sake buɗe mahaƙar ba. Mutanen Merthyr sun sha ƙura da ƙara shekara da shekaru, an ci gaba da haƙa fiye da shekara guda bayan izini ya ƙare a Satumban 2022, kuma har yanzu ana jayayya kan wanda zai biya kuɗin cike ƙaton ramin da aka bari. Ba adalci ba ne a ce su ci gaba da shaƙar ƙura domin wasu su ji daɗin hutu, kuma ba mahaƙar da za ta rayu da ɗan abin da jiragen tarihi ke saye.

Wannan ƙanƙantar ita ce amsar masu kukan sauyin yanayi. Ƙungiyar layukan dogo na tarihi ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa dukkan layukanta suna ƙona kwal kimanin tan 26,000 a shekara, wato kusan kashi 0.02 cikin ɗari na iskar kabon da ƙasar ke fitarwa. A 1913, lokacin da haƙar kwal ta kai ƙololuwa, Birtaniya ta haƙo tan miliyan 287. Idan aka raba, abin da jiragen tarihi ke ci a shekara bai kai na awa ɗaya na waccan shekara ba. Babban aikin an riga an yi shi: tashar lantarki ta ƙarshe mai amfani da kwal, Ratcliffe-on-Soar, ta rufe ranar 30 ga Satumban 2024. Za a ce ai kowane mai gurɓata iska haka yake cewa, nasa kaɗan ne. Gaskiya ne, kuma da a ce jiragen nan ƙaruwa suke yi kamar motoci, da na bi masu wannan magana. To amma adadinsu ƙayyadadde ne, yawancinsu a lokacin hutu suke aiki, gudun na Talyllyn ba ya wuce mil 15 a awa. Iyalin da suka tuƙo mota daga Birmingham zuwa Tywyn sun riga sun ƙona abin da ya kamata a fi damuwa da shi kafin su sayi tikiti.

Akwai masu cewa a sa injin dizal ko na batir ya ja taragon, fasinja ai kallon tsauni da rafi ya zo. Masu gudanar da layukan sun fi kowa sanin ba haka ba ne, domin su ke ganin abin da ke shiga akwatin kuɗi: tururi ake biya a gani, kuma da kuɗin ne ake gyaran gada da layi. Ƙungiyar tasu tana lissafa baƙi kimanin miliyan 13 a shekara da masu aikin sa-kai wajen 22,000. A ƙaramin gari irin Tywyn, wanda sana'ar dutse ta mutu ta bar shi, masu masauki da masu sayar da abinci sun san ranar da jirgi ke aiki da ranar da ba ya yi. Wannan ma ya isa amsa ga mai ganin abin wasan tsofaffin masu kuɗi ne. Kuma a 2021, da UNESCO ta sa yankin haƙar dutse na arewa maso yammacin Wales cikin wuraren tarihi na duniya, layin Talyllyn na cikin abin da aka lissafa.

A cikin hujjojin masu son a kashe wutar, wadda ta fi ƙarfi a wurina ta masu adana kayan tarihi ce. Suna cewa duk ranar da aka kunna tsohon inji ana cinye shi ne, a sauya tukunya yau, a sauya ƙafa gobe, har a wayi gari suna kawai ya rage na asali. Ba ƙarya suka yi ba, injinan Talyllyn biyu duk an yi musu manyan gyare-gyare da sababbin tukwane. Sai dai haka ake yi musu tun zamanin da suke jan dutse, sauya sassa wani ɓangare ne na rayuwar inji. Wanda babu irinsa a duniya, kamar Rocket na Stephenson, ya dace a ajiye shi kada a taɓa. Sauran kuwa suna da yawa. Daga filin wani dillalin tsofaffin ƙarafa a Barry kaɗai, Dai Woodham, an fanshi kawunan jirgi 213 bayan hukumar jiragen ƙasa ta daina amfani da tururi a 1968. Ƙasar da ke da wannan yawa tana iya ajiye wasu a rumfa ta bar wasu a kan layi. Mu da kwal ɗin Inugu ya ja mana jirgi har Kano da Nguru da Ƙauran Namoda, dizal na zuwa muka watsar da tsofaffin injinan, yau sai an tona kafin a sami dattijon da ya taɓa riƙe shebur a cikinsu.

Saura batun gobara, wanda zafin duniya ke ƙara tsanantawa. A Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a Birtaniya karo na farko, layuka da dama suka dakatar da tururi don kada tartsatsi ya kama busasshiyar ciyawa. Daidai suka yi, kuma ya kamata hakan ya zama ƙa'ida duk lokacin fari. Makamashin ma ba dole sai kwal tsantsa ba. Layin Ffestiniog, maƙwabcin Talyllyn daga arewa, ya koma ƙona mai a shekarun 1970 saboda tsoron gobarar daji, ya dawo kwal da mai ya yi tsada, wasu layukan kuma sun gwada dunƙulen da ake haɗawa da garin kwal da ƙwallon zaitun. A ci gaba da irin wannan gwaji, gwamnati ta sa kuɗi a ciki, kada kuma ta toshe hanyar shigo da ɗan kwal ɗin da ake bukata kafin a sami madadinsa. Amma mafi yawan tallafin ya kamata ya tafi wajen ɗaukar matasa almajirai a rumfunan gyara irin ta Pendre da ke Tywyn, domin yawancin waɗanda suka yi aikin tururi a matsayin sana'a kafin 1968 sun haura shekara saba'in da biyar, kuma kwal ana iya sayo shi daga Kwalambiya, su kuwa babu inda za a sayo su.