Ilmin Zamani: Harafin Ƙ Da Lambarsa

A makon nan za mu duba yadda kwamfuta take adana rubutu. Ita dai ba ta san harafi ba. Alamu biyu kurum ta sani, 0 da 1, tamkar fitila a kashe ko a kunne. In an jera takwas daga cikinsu, shi ake kira bayit, kuma ana iya jera su iri 256.

A 1963 Amurkawa suka fito da tsarin ASCII, suka ba haruffan Turanci lambobi. Harafin A ya sami 65, wato 01000001. Amma gurabu 128 ne kaɗai, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Shi ya sa aka daɗe ana buga "kasa" a maimakon "ƙasa", mai karatu ya yi ta lalube.

Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, shi ya share mana hawaye: ƙ ya sami 409, ɓ 595, ɗ kuwa 599.

Saboda haka laifi ya tashi daga kan na'ura. Marubuta da ma'aikatan ɗab'i, sa ƙugiya ya rage gare ku. Sai mako mai zuwa.