RA'AYINMU: A Duba Bakin Yaro Kafin A Yanki Tikitin Jirgi

Kwanakin baya wani dattijo ɗan kasuwa daga Gurugu, mai fatauci tsakanin Tamale da Sankanse, ya zo gidan rediyonmu da wani labari. Ɗansa da ke karatu a Ingila ya bugo masa waya cikin dare, baki ya kumbura, ko tuwo ba ya iya taunawa. Turmin ƙarshe ne, wanda wasu ke kira haƙorin hankali, ya fito a karkace. Kuɗin da uban ya ware domin sarin kaya na wannan mako su ya canza ya tura. Ya ce mana ya yi lissafin makaranta da masauki da rigar sanyi, amma haƙori bai taɓa zo masa a rai ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Wannan turmi yakan fito ne tsakanin shekara 17 zuwa 25, wato daidai lokacin da muke tura 'ya'yanmu Misira, Madina, Turkiyya, Sin ko Turai. Idan muƙamuƙi ba shi da sarari, sai haƙorin ya maƙale cikin dasashi ko ya tokari na kusa da shi. Abinci ya taru a wurin, ya ruɓe, ya yi mugunya. Kada a raina wannan ciwo. Idan ƙwayar cuta ta gangara daga turmin ƙasa zuwa ƙarƙashin harshe, wuya yana iya kumbura har ya toshe numfashi, kuma ana rasa rai ta haka.

Inda iyaye ke ruɗuwa shi ne kalmar inshora. Yaro ya ce an biya, uba ya kwanta da daɗin rai. To, a Ingila tun watan Fabrairun 2024 ɗalibi baƙo yana biyan fam 776 a shekara domin kiwon lafiya, amma duk da haka aikin haƙori da kuɗinsa daban. A farashin gwamnati na 2025, dubawa kawai fam 27 ne da 'yan kai, cirewa kuma fam 75 da 'yan kai. Wannan idan ya samu likitan da zai karɓe shi a kan farashin gwamnati ke nan, abin da ke da wuya a garuruwa da dama. In bai samu ba sai asibitin kuɗi, inda lissafi ke komawa ɗaruruwan fam. A Amurka kuwa, yawancin inshorar ɗalibai ba ta haɗa da haƙori. Duk wanda ya san yadda sidi yake a gaban fam da dala ya san abin da wannan zai yi wa jari.

Alhali a nan gida akwai hanya. Tsarin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, wanda aka kafa da doka a 2003, ya sa cire haƙori da cike rami mai sauƙi da fitar da mugunya cikin ayyukan da yake ɗauka. Haƙorin roba ne ba ya ciki. Asibitin Koyarwa na Tamale yana da sashen haƙori, kuma daga Gurugu tafiyar keke mai ƙafa uku ce. Wanda katinsa ya mutu yana iya sabunta shi ta waya da *929#. Gaskiya ne akwai layi, kuma wani lokaci hoto ko magani sai an sa hannu a aljihu, sai a tambaya tun farko. Amma a sidi za a biya, yaro kuma yana jinya a ɗakin uwarsa.

Ba muna cewa a je a tumɓuke wa kowane yaro turamensa ba. Tun shekarar 2000 hukumar tsara magani ta Ingila ta ba da shawarar a bar wanda ba ya ciwo ya zauna lafiya. Abin da muke kira gare shi shi ne dubawa: wata biyu ko uku kafin tafiya, a kai yaro wurin likitan haƙori, a ɗauki hoton muƙamuƙi, a cike ramin da ya fara. In cirewa ta kama, a yi da sauran lokaci, domin wurin yana son mako ɗaya ko biyu kafin ya lafa. Ya tafi da hoton cikin takardunsa.

Wanda ɗansa ya riga ya tafi, ya sa shi ya karanta takardar inshorarsa yau, ya kuma tambayi ko jami'ar garin tana da makarantar likitocin haƙori, domin irin waɗannan wurare sukan yi aiki da rahusa ƙarƙashin idon malamai.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da dole mu faɗa. Mun saba cusa wa matafiyi kanumfari da ƙwayoyin kafso na kasuwa cikin jaka, mu ce in haƙori ya motsa ya sha. Kanumfari yana rage zugi na ɗan lokaci, ba ya gyara haƙorin da ya kwanta a karkace. Kafso ba bisa umarnin likita ba yana kwantar da kumburi yau, ya dawo bayan wata ɗaya, wataƙila ana tsakiyar jarrabawa.

Mu kanmu 'yan kasuwar Paga da Bawku da Tatale mu tuna katin NHIS ba ya aiki da zarar an tsallaka Togo ko Burkina Faso. Can da sefa ake biya, hannu da hannu.