Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sarakunan Agiye, Gazawa da Gidan Rumji



Mu ƴaƴanku ne da ke karatun noma da kiwo a Rabat, ƙasar Maroko, kuma saura kaɗan mu kammala mu komo gida. Mun sha sanyin hunturu, mun koyi harshen Darija don cinikin kasuwa, mun yi sallar idi shekara bayan shekara ba iyaye a kusa. Duk wannan mai wucewa ne. Abin da ke hana mu barci shi ne ranar da za mu sauka tashar Maraɗi da takardar shaida a hannu ba mu san inda za mu dosa ba. Yayyenmu da dama sun dawo sun tsaya Yamai neman aikin ofis, wasu kuma sun sake fita.

Alhali ƙasarmu na da abin da duniya ke zuwa koyo. Manoman ƙauyen Ɗan Saga sun rayar da gawo da kalgo a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani. Ayar da ake nomawa a yankinmu har Sifen ake kai ta a matse ta a yi abin sha, mu kuwa ɗanye muke sayar da ita da araha.

Muna roƙonku ku ba mu aron fili na gwajin iri, ku haɗa mu da ƙungiyoyin manoma da na mata, ku kuma sa baki a turo mu bautar ƙasa garuruwanmu. Muna so damina mai zuwa ta same mu cikin gona tare da iyayenmu.

Ƴaƴanku ɗalibai,
Rabat