Kyanwa Mai Ciwon Mafitsara da Haɗarin Ƙwayar Kemis

Da zarar an gama girbi a Ikara, Makarfi da Kudan, aikin kyanwa yake farawa. Masara ta shiga sito, dawa ta shiga rumbu, mazarƙwailar da aka dafa daga raken Makarfi tana jibge tana jiran mai saye, ɓeraye kuma sun ji ƙamshi. Manomi da ɗan kasuwa sun san mai gadin da ba ta karɓar albashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya ajiye kyanwa cikin matakan rage ɓerayen da ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau. Duk da wannan hidima, ranar da kyanwa ta kwanta ciwo abu biyu ne ke jiran ta: ko a ƙyale ta, ko a ɓalle mata ƙwayar magani daga cikin na mutanen gida. Na biyun ya fi kama da tausayi, kuma shi ya fi saurin kashe ta.

Ciwon da ya fi fito da wannan haɗari fili shi ne kumburin mafitsara. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne. Kyanwa za ta riƙa zuwa wurin fitsari a kai a kai, ta tsuguna tana nishi, ɗigo kaɗan ya fito, wani lokaci da jini. Takan yi kuka, ta yawaita lasar ƙasan cikinta, ta fara fitsari a kan tabarma ko buhu, inda ba ta saba ba. Masu gida da yawa sukan ɗauka kashi ne ya ƙi fita, wasu kuma su ɗauka iskanci ne, su bi ta da tsintsiya.

Abin da likitocin dabbobi suka gano ya saɓa wa zato. A kyanwar da ba ta kai shekara 10 ba, fiye da rabin masu waɗannan alamomi ba su da tsakuwa a mafitsara, ba su kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta. Bangon mafitsarar ne ke kumbura, kuma firgici da takura na cikin manyan abubuwan da ke tayar da shi. Tony Buffington na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka, wanda ya daɗe yana nazarin ciwon, ya nuna a 2011 cewa matsalar ta wuce mafitsara: jijiyoyin wasu kyanwoyi ne ke amsa tashin hankali fiye da ƙima, mafitsara kuma ta zama inda abin yake bayyana. Yawanci yakan lafa cikin kwana 5 zuwa 7, sannan ya dawo idan sanadin yana nan. Saboda haka kafso ja da yalo da ake zazzage wa kowace dabba a ruwa ba ya tsinana komai a nan. Ciwon yakan lafa da kansa, kafso ya kwashe yabon, a sake saye a karo na gaba.

Kafso asarar kuɗi ce. Farasitamol kuwa kisa ne. Hantar ɗan Adam tana da wani sinadari da ke ɗaure wannan magani ya fitar da shi daga jiki, hantar kyanwa kuma ba ta da isasshensa. Sai maganin ya rikiɗe ya zama guba, ya lalata jinin ta yadda ba zai iya ɗaukar iskar numfashi ba. Cikin 'yan sa'o'i dasashinta zai koma ruwan ƙasa, fuska da tafukan ƙafa su kumbura, numfashi ya yi wuya. Miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinta na iya fara yin illa. Kyanwar gida ba ta cika wuce kilo 3 zuwa 4 ba, ƙwayar da ake sayarwa a kemis kuma miligiram 500 ce. Ko rabinta ya wuce ƙima nesa ba kusa ba. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake sha don ciwon jiki bayan aikin gona, suna cin ƙodarta da tumbinta. Babu maganin ciwo ko ɗaya a cikin kwabar gida da ya dace a ba kyanwa.

Wannan ba yana nufin a bar ta da zafi ba. Ciwon yana da raɗaɗi sosai, raɗaɗin kuma yana ƙara firgicin da ya haifar da shi. Akwai magungunan da likitan dabbobi ke amfani da su, irin su buprenorphine da gabapentin, da meloxicam idan ya tabbatar ƙodarta lafiya take kuma jikinta bai bushe ba. Awon ya danganta da nauyinta da yanayinta, don haka hukuncin na likita ne. Gwajin fitsari kuma shi zai bambanta kumburin da tsakuwa ko ƙwayoyin cuta, waɗanda suka fi kama tsofaffin kyanwoyi.

Akwai yanayi guda da ba ya jiran gobe. Hanyar fitsarin muzuru doguwa ce siririya, kuma majina da ƙananan tsakuwoyi na iya toshe ta gaba ɗaya. Muzurun da yake tsugunawa babu abin da ke fita, yana amai, ya daina ci, cikinsa ya yi tauri, ƙodarsa ce ke tsayawa. Sinadarin fotasiyam zai taru a jininsa har ya tsayar da zuciya, cikin kwana 2 zuwa 3. Ba a matsa masa ciki, domin mafitsarar na iya fashewa. Abin yi shi ne a kama hanyar Zariya. Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru yana duba ƙananan dabbobi, kuma daga Hunkuyi, Makarfi ko Ikara tafiyar zuwa da dawowa ce a yini ɗaya.

Sauran aikin, wanda shi ne mafi yawa, a gida ake yin sa, kuma da ruwa yake farawa. Kyanwar gida jikar kyanwar dajin Afirka ce, dabbar busasshiyar ƙasa da ta saba samun ruwanta daga abin da ta farauto. Kusan kashi 70 cikin 100 na jikin ɓera ruwa ne, shi ya sa ƙishirwa ba ta cika tura kyanwa ga kasko ba. Busasshen abincin kyanwa na kanti ruwansa bai wuce kashi 10 ba, na gwangwani kuwa yakan kai kashi 75 zuwa 80. Tana buƙatar kimanin mililita 50 a kan kowane kilo a yini, wato kusan ƙaramin kofi ɗaya. Idan ba ta samu ba fitsarinta zai yi kauri, ya riƙa ƙona bangon da ya riga ya kumbura. Iskar hunturu da zafin Maris da Afrilu suna ƙara tsananta lamarin.

Kyanwa biyu ne wannan ya fi shafa. Ta farko ita ce wadda aka kulle a sito da ɗan busasshen kifi, babu ruwa, babu mafita. Ta biyu ita ce ta gidan ma'aikaci, mai dogon gashi, wadda ba ta taka waje, ta yi ƙiba da busasshen abincin da aka sayo da tsada. Maganinsu ɗaya ne: dafaffen nama ko kaza da romonsa, ko abincin gwangwani, ko a jiƙa busasshen da ruwa. A ajiye tasoshi masu faɗi a wurare biyu ko uku cikin inuwa, a sauya ruwan kullum. Romon ya zama ba gishiri, ba magi, ba albasa, ba tafarnuwa, domin albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jininta. Ragowar tuwo da miya ba abincinta ba ne, madara kuma takan ɓata cikin babbar kyanwa. A sauya abincin a hankali cikin mako guda, don sauyin gaggawa shi ma tashin hankali ne, kuma kyanwar da ta yi kwana biyu ba ta ci ba hantarta na cikin haɗari.

Bayan ruwa sai natsuwa. Tana buƙatar wuri mai tudu da za ta ɓuya daga yara da karnuka, da yashi mai tsafta a inda ba a tsorata ta, da lokacin cin abinci tsayayye. Gidan biki, sabuwar kyanwa a tsakar gida ko ƙaura zuwa sabon gida duk suna iya tayar da ciwon. Duka saboda ta ɓata tabarma ƙarin wuta ne.

Wani zai ce a yankin da iyaye ke lissafi kafin su kai yaro asibiti, wannan magana ce ta masu ƙoshi. Ƙorafin yana da nauyi, kuma ba wanda zai ce a fifita mage a kan yaro. Sai dai mafi yawan abin da aka lissafa ba ya cin kobo: tasar ruwa, buɗe ƙofar sito, hana yara jifa, da riƙe hannu daga ƙwayar da ita kanta sai an saya. Addini ma bai ɗauki lamarin da wasa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Duk wanda ya rufe sito a kan mage ya tafi da makulli ya san wannan hadisi.

Nauyin gyara ya fi hawa kan masu ilimi, domin su ake tambaya. Mai kemis a Hunkuyi, malamar asibiti a Ikara, ɗalibin kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi, su ne maƙwabci zai tsayar ya ce magensa ba ta iya fitsari, me zai ba ta. Malaman dabbobi na ƙananan hukumomi, da hankalinsu ya fi karkata ga shanu, tumaki da kaji, ya kamata su ƙara wannan gargaɗi a cikin abin da suke faɗa wa jama'a ranar kasuwa. Amsar gajera ce, kowa zai iya riƙe ta: kada a ba ta maganin mutum, a ba ta ruwa da jiƙaƙƙen abinci, idan kuma muzuru ne fitsari ya ƙi fita, a kai shi Samaru a ranar.